Yadda Ake Haɗa Akwatin Ƙyanƙyasar Ƙwan Zabi da Batir da Sola

Mai kiwon zabi ya san halin kayansa. Da damina ta sauka zabuwa za ta yi ta zuba ƙwai a cikin ciyawa, amma kwanci ba ya gabanta. Sai a saka wa kaza, ita kuma kaza abin da za ta rufe bai wuce sha biyu zuwa sha biyar ba, saura a dafa a kai tasha. Akwatin da za a haɗa a nan yana ɗaukar ƙwai 60, yana aiki da batir mai bolt 12, babu ruwansa da wutar Nepa. Don kada a rikice, ƙwan fitila za mu kira shi gulob, ƙwai kuwa na zabi ne.

Jikin akwatin babbar kula ce, ko ƙaramin firjin da ya mutu, mai tsawon kamar santimita 60, faɗi 40, zurfi 35. Sai gulob biyu na mota masu wat 21, irin na sigina, tare da mazauninsu, waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ko wajen kowane mai gyaran wayar mota. Sai fankar kwamfuta mai bolt 12, da fis mai amfiya 20, da ragar ƙarfe, da farantin ruwa. Zuciyar aikin ita ce 'yar na'urar saita zafi da ake kira W1209, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Tana da allon lamba ja, da maɓallai uku, da 'yar waya mai kan ƙarfe da ke jin zafi. Masu kayan lantarki a Sabon Gari sun san ta.

Kafin ka sayi batir, yi lissafi. Wat shi ne bolt sau amfiya, don haka gulob biyu, wat 42, idan ka raba da 12 suna jan amfiya 3.5. Ba kullum suke a kunne ba. A ɗauka rabin lokaci, awa 12 ke nan, ya ba ka 42Ah, wato amfiya sau awa. Fanka tana jan kamar 0.2 dare da rana, kusan 5Ah. Da ita na'urar, jimilla ta doshi 50Ah a kwana ɗaya. Batirin sola mai 100Ah shi ne mafi ƙanƙantar da za ka yarda da shi, domin batirin dalma rabinsa kawai ake ci, in ka saba zuƙe shi ƙarƙaf ba zai yi shekara ba. Batirin mota kuwa an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙai ya tayar da inji, jan wuta na tsawon dare yana kashe shi da wuri. Farantin sola ya zama mai wat 200, da kwantirola mai amfiya 20, wato na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji. Wani zai ce 150 ya isa. A watan Maris ya isa, amma zabi a damina suke ƙwai, kuma a Agusta ana iya kwana biyu rana ba ta fito sosai ba.

Wajen jona kwantirola, batir ake fara sakawa, sannan faranti. In za a cire, faranti ake fara cirewa. Wayar da ke tsakaninsu ta zama mai kauri 2.5mm², gajera iya yadda za ta yiwu, domin siririyar waya mai tsawo tana shanye wuta ta yi zafi. Fis ɗin ya zauna a kan jar waya, dab da kan batir. Kada ka taɓa jona na'urar kai tsaye da faranti: wanda aka rubuta wa bolt 12 yana fitar da sama da 20 da tsakar rana in babu kaya a kansa, nan take zai ƙone ta.

W1209 tana da bakin waya huɗu: K0, K1, +12V da GND. A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa, sai su jona gulob a K0 da K1 su zauna jiran haske. Waɗannan biyun ba sa ba da wuta, makunni ne kawai, kamar na bango. Yadda ake yi, jar waya daga kwantirola ta shiga +12V, baƙa ta shiga GND. Ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa +12V da K0. Daga K1 waya ta tafi ƙafar gulob ɗaya, ɗaya ƙafar ta dawo GND. Gulob na biyu ka jona shi ƙafa da ƙafa da na farko, kowanne yana samun cikakken bolt 12. In ka jera su ɗaya bayan ɗaya haskensu zai dushe, kuma ranar da ɗaya ya tsinke duka sun mutu, alhali dalilin saka biyu shi ne in ɗaya ya ƙone da dare ɗayan ya riƙe ƙwai har asuba. Fanka ba ta bi ta K1, ta ɗauki wutarta kai tsaye ta yi ta juyawa ba hutu.

Gulob da fanka a sama suke zama, a jikin murfi, a ɗaure kan guntun kwano da tazarar yatsa uku daga jikin kula don kada ta narke. Ka saka wani guntun kwanon a ƙarƙashinsu ya tare hasken, in ba haka ba ƙwan da ke saitinsu zai gasu na gefe suna jin sanyi. Farantin ruwa a ƙasa, raga a samansa, ƙwai a kan raga. Huda ramuka shida masu faɗin fensir, uku ƙasa uku sama, domin ɗan da ke cikin ƙwai yana numfashi. Kan wayar jin zafi ya rataya daidai da saman ƙwai, ba ya taɓa su, ba ya taɓa bango.

Saiti kuma, danna SET sau ɗaya, lamba za ta riƙa ƙiftawa, ka kai ta 37.8 da maɓallin ƙari ko ragi. Sannan ka danne SET na daƙiƙa biyar har P0 ta fito, ka mayar da ita H, wato ɗumamawa. A C take zuwa, kuma a C gulob zai kunnu ne lokacin da akwati ya yi zafi. P1 ita ce tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa. Daga kamfani a kan digiri 2 take, wanda ya yi wa ƙwai yawa ƙwarai, ka sauke ta zuwa 0.3. P5, mai jinkirta kunnawa, ta zauna a sifili. Bayan haka ka zauna ka kalli 'yar jar fitilar na'urar, ka ga a wace lamba take kamawa, a wace take ɗaukewa, domin ba duka ƙirar ke lissafi iri ɗaya ba. Abin nema shi ne zafi ya riƙa yawo tsakanin 37.4 da 37.8.

Kada ka amince da lambar allon sai ka gwada ta. Sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ka tsoma shi tare da kan wayar a kofin ruwa mai ɗumi. In ma'aunin ya ce 37.5 allo ya ce 37.0, ka shiga P4 ka ƙara 0.5. Rabin digiri a kwana 28 ba wasa ba ne. Ka bar akwatin ya yi kwana biyu yana aiki babu ƙwai, kana auna batir da mita kowace asuba: 12.6 zuwa sama a cike yake, 12.2 rabi ne, in kana samun ƙasa da 12 to batir ko faranti bai isa ba, ko ƙura ta rufe farantin.

Ƙwan da za ka saka kada ya wuce kwana bakwai da haihuwa, kada a wanke shi, kuma daga garken da ke da namiji. Yi masa alama da fensir a gefe biyu, ka riƙa juyawa sau uku ko biyar a rana, ba sau biyu ko huɗu ba, don kada ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. A rana ta 10 ka haska su da tocila a ɗaki mai duhu. Ɓawon na zabi yana da kauri, sai ka matsa tocilar sosai; mai rai za ka ga jijiyoyi, wanda yake fayau ka fitar da shi kafin ya zama baragurbi ya fashe a kan saura. Ka daina juyi a rana ta 24, suna fitowa daga 26 zuwa 28. Na kaza kwana 21 ne, juyi ya tsaya a 18.

Danshi ya zauna kashi 50 zuwa 55, a kwanakin ƙarshe ya hau 65 zuwa 70. Faɗin ruwan ne ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Da damina ƙaramin faranti ya wadatar, da hunturu sai ka ƙara na biyu da soso a ciki. In ka ga ɗan zabo ya huda ɓawo ya maƙale, fatar ciki ta bushe a jikinsa, danshi ne ya gaza, galibi saboda yawan buɗe murfi ana leƙe. In sun fito da wuri da cibiya a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun makara, ya yi kaɗan.

Abu ɗaya ne na'urar ba za ta iya ba: sanyayawa. Ƙwai yana jure sanyin 'yan awoyi, amma digiri 40 na 'yan awoyi yana kashe shi. A bazara, ɗakin kwano a Gumel ko Ɗambatta yana wuce wannan da azahar, gulob a kashe amma ƙwai na dahuwa. Ajiye akwatin a ɗakin ƙasa mai rufin azara, a ƙasa kusa da randa, nesa da taga. In allo ya haura 38.5 gulob a kashe, ɗaga murfi kaɗan, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan akwatin har la'asar ta yi sanyi.