Yadda ake buɗe ƙofar kwantena da rufe ta ba tare da kaya sun danne kowa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen sauke kwantena, ko a bakin Kantin Kwari ko a wani sito a Sharaɗa, ya san yadda abin yake. Mai kaya ya ƙosa ya ga dukiyarsa, direba yana sauri ya juya, 'yan dako sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Yaron mota ya kama hannun ƙofa ya hau fizga, in ta ƙi a ce a miƙo guduma. A nan ake lanƙwasa sandunan ƙofa, a nan kuma dila ke rikitowa kan mutane. Ƙofar nan ba ta ƙin buɗuwa haka kawai. In ta cije, ko kaya ne suka jingina da ita daga ciki, ko akwatin ne ya karkace, kuma guduma ba ta maganin ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya sauƙaƙa koyon aikin shi ne kusan duk ƙofofin iri ɗaya ne. Tun 1956 da wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, aka fara wannan salon sufuri, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 an daidaita girman akwatunan a duniya. Saboda haka kwantenar da aka cika a Guangzhou, aka sauke a Apapa ko Kwatano, aka kawo ta Kano, ƙofarta ɗaya ce da wadda ka gani bara. Faɗin kwantena ƙafa 8 ne, bakin ƙofar kuma wajen mita 2.34 a faɗi da mita 2.28 a tsayi. Akwai kuma mai tsayin ƙafa 9 da rabi daga ƙasa zuwa sama, ita tsayin bakinta ya kai kusan mita 2.58.

Fara da sanin abin da ke gabanka

Ƙyaure biyu ne, na dama da na hagu, kamar yadda kake fuskantarsu daga waje. Na dama shi ke hawa kan na hagu, don haka shi ake fara buɗewa, shi ake rufewa a ƙarshe. An yi haka da gangan: in an kulle na dama an sa masa sil, wato ƙusar hatimi mai lamba da sai an yanke ta ake buɗewa, na hagu ba shi da hanyar motsawa.

A jikin kowane ƙyaure akwai dogayen sandunan ƙarfe, yawanci biyu, daga sama har ƙasa. Kan kowace sanda yana da wani ɗan haƙori mai lanƙwasa, sama da ƙasa, wanda ke shiga mazauninsa a jikin firam. Hannun da kake kamawa juya sandar kawai yake yi. In ka juya ta wajen rufewa, haƙorin ya kama mazauninsa ya jawo ƙyauren ciki, ya matse robar da ke zagaye da bakin ƙofa har ruwan teku ba ya samun shiga. In ka juya ta wajen buɗewa, haƙorin nan ne dai ke tura ƙyauren waje ya ɓamɓare shi daga robar. Wato hannun shi ke yi maka aikin ƙarfi, muddin ka bi shi yadda ya kamata.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Gaban kwantena da gefunanta bango ne na ƙarfe, amma bayanta rami ne mai kusurwa huɗu, kuma ƙyauren a rufe su ne ke taimaka wa wannan ramin ya tsaya daidai idan jirgi yana tangaɗi. Shi ya sa da zarar akwatin ya ɗan murɗe, ƙofa ce ke fara nunawa.

Mataki na ɗaya: duba ƙasa kafin ƙofa

Kwantena a kan kusurwoyinta huɗu take tsayuwa. In an sauke ta a wuri mai tudu da kwari, kusurwa ɗaya ta rataya, firam ɗin ƙofa zai murɗe, haƙoran su cije a mazauninsu. Ja da baya ka dubi saman ƙyauren biyu: in ɗaya ya fi ɗaya tsayi ko da yatsa guda ne, ga matsalarka nan. A ɗaga kusurwar da ta sauka da jak a cusa katako mai kauri ko falan kankare, sai ka ga ƙofar da ta gagari ƙarti uku ta buɗe da hannu ɗaya. In tana kan tirela ne, a gyara tsayuwar motar a wuri mai lebur, a ja birki, a sa waigi a taya. Kada a yarda a buɗe motar da bayanta ke kallon gangare, domin duk nauyin kaya yana kan ƙofa ke nan.

Mataki na biyu: sil da lamba

Kafin kowa ya taɓa komai, ɗauki wayarka. A saman ƙyauren dama akwai lambar kwantena, haruffa huɗu da lambobi bakwai. Gwada ta da ta takardar kayanka. Sannan duba sil ɗin, wannan ƙusar ƙarfe mai kai biyu da ake sawa a hannun ƙyauren dama, ka tabbatar lambarsa ita ce a takarda. In kwastan sun buɗe don bincike, sil ɗin farko zai canza, kuma ejan ɗinka ya kamata ya iya faɗa maka sabuwar lamba. Ja sil ɗin da ƙarfi, ka murɗa shi, ka ga ko an yanke an liƙe. Ɗauki hoto.

Kada ka tsaya a sil kawai. Ɓarayin da suka san aikin ba sa taɓa shi. Kusoshin da suka riƙe hannun ƙofar suke cirewa, su buɗe, su kwashi rabonsu, su mayar da wasu kusoshin, sil na nan lafiya lau. Don haka dubi kusoshin hannu da na hinji: sabon fenti a wuri ɗaya, ƙusa mai sheƙi cikin tsofaffi, ko alamar sifana, duk abin tambaya ne kafin ka sa hannu a takardar karɓa. Bayan ka yanke sil da babban almakashin ƙarfe, ajiye guntayen har a gama ƙirga kaya.

Mataki na uku: ɗaure ƙofa kafin ka buɗe ta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kayan nan sun yi makonni a teku, sun sha birki da ramukan hanya tun daga Legas. Ba ka san yadda suka zauna ba. Dilar atamfa, katan ɗin tayil, buhunan shinkafa, duk suna iya zamewa su jingina da ƙofa, suna jiran wanda zai saki sandar ƙarshe.

Nemo bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfi ko sarƙa. Zagaya shi a sandunan tsakiya guda biyu, ɗaya ta ƙyauren dama ɗaya ta na hagu, ka bar ɗan sassauci kamar taƙi ɗaya. Yanzu ko kaya sun turo, ƙyauren ba zai wuce wannan taƙin ba. Sannan a kori kowa daga bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne ke buɗewa, shi ma yana tsaye ta gefe, yana da wurin gudu a bayansa, ba bango ko wata mota ba.

Mataki na huɗu: buɗewar kanta

Kowane hannu yana kwance cikin mariƙinsa, da ɗan marufi a kai. Juya marufan sama, ɗaga hannayen ƙyauren dama biyu su fita daga mariƙi, sannan ka jawo su waje tare, a hankali. A yi su tare, domin in ka saki sanda ɗaya gaba ɗaya, duk nauyin ya koma kan ɗayar, ta ƙara cijewa. Kana ja kana sauraron hannunka. In ka ji hannun yana neman ƙwacewa da kansa, yana turo ka, to kaya na bayan ƙofar. Hannun da ke ƙarƙashin irin wannan nauyi yana iya tashi ya fasa wa mutum baki, don haka kada fuskarka ta kasance a saitinsa.

Da ƙyauren ya ɗan buɗe har bel ya riƙe shi, haska tocila ta kafar. In kaya suna tsaye da ƙafarsu, kwance bel ɗin, ka buɗe na dama gaba ɗaya. In sun jingina, a mayar a rufe, a samo injin ɗaga kaya ya tokare ƙyauren a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, ko a kai motar inda bayanta zai fi gabanta tudu. Ƙyauren hagu ma haka za a bi shi, kuma yanzu kana iya ganin abin da ke bayansa.

An ƙera hinjin yadda ƙyaure zai juya har ya kwanta a jikin gefen kwantena. Kai shi can ka ɗaure da igiyar da ke ƙasansa. Ƙyauren da aka bari yana lilo, iskar hadari ɗaya ta ishe shi ya maƙe ɗan dako.

Mataki na biyar: bar ta ta sha iska

Kada kowa ya faɗa ciki nan take. Wasu kayan, musamman hatsi da katako, ana turara su da maganin ƙwari kafin a rufe, irin ƙwayar nan da manoma ke jefawa cikin buhun wake. Warinta kamar tafarnuwa ne ko ruɓaɓɓen kifi, kuma tana kisa. Akwai kuma wani maganin da ba shi da wari sam. Ko ba a turara ba, sababbin takalma da kayan roba suna fitar da warin gam mai sa jiri. In ka ga takardar gargaɗi a ƙofa, ko an liƙe ƙananan ramukan iska na gefe da salatif, wannan aikin masana ne. In babu, a buɗe ƙyauren biyu a ja gefe aƙalla rabin awa. Mai kaya zai yi ƙorafi, a ba shi kujera.

Rufewa

Share bakin ƙasa tukuna, domin tsakuwa ɗaya ko guntun katako na hana ƙofa zama. Tura na hagu, hannayensa a buɗe, ka tabbatar haƙoran huɗu sun shiga bakin mazauninsu kafin ka danna hannu. Ɗaga kai ka duba na sama. Nan ne ake yawan kuskure: na ƙasa ya kama, na sama yana waje, hannu ya kwanta kamar komai daidai, sai ruwan sama ya bi ta kafar ya jiƙa kaya. Sannan na dama. In kai ne mai lodi, tokare layin ƙarshe na kaya da katako ko raga, don wanda zai buɗe a can.

In ba kwantena ba ce, motar akwati ce

Manyan motoci masu rufaffen baya ƙofa iri biyu suke zuwa da ita. Mai ƙyaure biyu, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe ta. Ta fi toshe iska, shi ya sa aka fi ganinta a manyan motocin sanyi masu ɗaukar kifi da kaji, kuma ba ta cin tsayin baki. Aibinta tana son fili, kuma dole a buɗe ta kafin mota ta matsa jikin dandamalin sito. Ɗayar ita ce mai naɗewa sama, wadda masu raba kaya shago-shago suka fi so don ba ta buƙatar fili a lungu. Tana rage tsayin baki, ƙura na cika mata hanyar taya, kuma a samanta akwai sifirin da aka murɗa da ƙarfin gaske don ya ɗauki nauyinta. In ta fara nauyi ko ta ƙi tsayawa a sama, kai wa wanda ya iya. Sifirin nan ba abin da yaron mota zai kwance da sifana ba ne. A ganina, ga mota mai dogon zango a hanyoyinmu, mai ƙyaure biyu ta fi, don kayan lalacewarta kaɗan ne kuma mai walda na kowane gari zai iya gyara ta.

Ga mai sayen tsohuwar kwantena don shago ko sito

Shiga ciki da rana, wani amintacce ya rufe ka na minti ɗaya, ka duba inda haske ke shigowa. Duk inda haske ya shiga, ruwa zai shiga. Taɓa robar ka ji ko ta bushe ta tsattsage, ka ƙwanƙwasa ƙasan ƙyaure inda tsatsa ke fara ci. A ƙyauren hagu akwai farantin ƙarfe mai ɗauke da watan da shekarar da aka ƙera ta, ya fi maganar dillali. Sa mai walda ya yi wa kwaɗo gida na ƙarfe a tsakiyar ƙofa yadda almakashi ba zai kai gare shi ba.

Kuma ka sani ƙofar nan ba ta buɗuwa daga ciki, domin don kaya aka yi ta. A watan Oktoba na 2019 an tsinci gawar 'yan Vietnam 39 a cikin rufaffiyar tirelar sanyi a Essex ta Ingila. In mutane za su riƙa zama a ciki, a yanka wata ƙofa a gefe mai sakata ta ciki, a fitar da taga, kuma mai rufe shago da yamma ya leƙa har ƙurya, saboda yara na son ɓuya a irin wannan wuri.

Hinji da haƙora da zoben da sanduna ke juyawa a ciki suna son mai. Bayan hunturu a wanke ƙurar da ta daskare da buroshin waya a sa giris, a sake kafin damina ta kankama. Baƙin mai da giris kada su taɓa robar, suna cinye ta. Ruwan sabulu ya ishe ta.