Yadda ake tsare ɗakin sabar sojoji da 'yan sanda, daga katanga har kan rak

In aka ce tsaron bayanai yawancinmu hankalinmu kan hakas, masu kutse ta intanet, yake tafiya, wani yaro da laptop a wata ƙasa, toh amma kwamfutocin da ke riƙe da bayanan nan, wato sabar, a wani ɗaki suke zaune, ɗakin yana da ƙofa, yana da wayar wuta, yana da esi, kuma akwai wanda mukullin ke aljihunsa. In ɗakin na 'yan sanda ne ko na soja kuwa abin da ke ciki ba wasa bane, hoton yatsun waɗanda aka kama, fayil ɗin shari'ar da ba'a gama ba, bidiyon shaida, inda aka tura kowace runduna, adireshin jami'ai da iyalansu, da sunayen masu kawo rahoto a ɓoye. Sunan mutum ɗaya daga cikin na ƙarshen nan ya fita, wallahi rai ne za'a rasa. Don haka ga yadda ake tsare wurin, ga duk wanda aka ɗora wa nauyin ko ake shirin ɗora masa.

Fara da inda zaka ajiye shi. Kar ka sa sabar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a kwari, duk wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle baya buƙatar dogon bayani, ruwa baya tambayar ofishin waye. A ɗaga ginin, a ɗaga janareto da ɗakin wuta su ma. Kar ya jingina da ma'ajiyar makamai ko tankin fetur, kuma dan Allah banda katon allo mai ɗauke da sunan wurin, gini ne kawai mara kwalliya wanda mai wucewa bazai kula dashi ba.

Sai tazara da mota. Ranar 16 ga Yuni 2011 motar da ke ɗauke da bam ta bi ayarin Sufeto Janar ta shiga harabar hedikwatar 'yan sanda a Abuja, a wurin ajiye motoci ta tashi. A Amurka ma ranar kirsimeti ta 2020 wata mota ta fashe a gaban ginin kamfanin AT&T a birnin Nashville, layin kiran gaggawa na 911 ya mutu a garuruwa da dama har a jihohin maƙwabta, kaga ba sai an shiga ɗakin ba ake kashe shi. Saboda haka wurin fakin ya yi nesa da bangon ginin, a kafa turakun ƙarfe masu cike da kankare a zagaye, hanyar shigowa a karkata ta yadda mota bazata iya ɗauko gudu ta miƙe ba, kuma motar da ta biyo bayan ta oga ita ma sai ta tsaya an duba ta, shiga ayari ba izini bane.

Tsarin ciki kuma ka ɗauko shi daga gidan Bahaushe. Baƙo iyakarsa zaure, wanda aka yarda dashi ya kai soron ciki, ɗan gida ne ke shiga tsakar gida, ɗaka kuma sai mai ɗakin, adakar da ke cikin ɗakin ita ma da nata kwaɗon. Get ɗin waje, ƙofar gini, ɗakin injiniyoyi, ɗakin sabar, sannan kowane rak, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera sabar a ciki, da makullinsa, kuma kowane mataki mutanen da ke iya wucewa suna raguwa. Ƙofar ɗakin sabar a yi ta biyu a jere da ɗan lungu a tsakani, ta biyu bata buɗewa sai ta farko ta rufe, mutum ɗaya ɗaya, don babbar hanyar da ake shiga wurare irin wannan ita ce wani ya buɗe da katinsa ya riƙe wa na bayansa ƙofa saboda kara. Kati kaɗai bai isa ba tunda ana aron kati, a haɗa da yatsa ko lambar sirri. Ɗaga kanka ka duba silin, in bangon bulo ya tsaya a iyakar silin ne mutum zai hau ta ofishin da ke kusa ya dira ciki, dole bango ya kai har kankaren rufin sama. Banda taga. Na'urar da ke sarrafa ƙofofin ta kasance a kan UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, kuma ko me ya faru wanda ke ciki ya iya fita da turi ɗaya in gobara ta tashi, ran ma'aikaci ya fi kowace sabar.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna, kuma nan ne kuɗi basa gyarawa. A gidan kaki muƙami ne ke buɗe ƙofa, kofur yana gadi sai ga babban hafsa da baƙinsa yace buɗe in nuna musu, ta ina yaron nan zai iya cewa a'a? Bazai iya ba, sai in akwai umarni a rubuce da sa hannun kwamandan wurin, an manna a jikin ƙofa, cewa wanda sunansa baya cikin jerin baya shiga ko tauraro nawa ne a kafaɗarsa, kuma kwamandan da kansa ya zama shi ne na farkon tsayawa ya sa hannu a littafi ya ajiye wayarsa a loka. Ranar da kofur ya hana wani babba shiga a kira shi a yaba masa a gaban fareti, in aka hukunta shi sau ɗaya tak shikenan an kashe tsarin gaba ɗaya, duk mai gadin da ya biyo baya ya koyi darasi. Jerin sunayen nan ya zama gajere, aiki ne ke sa sunan mutum a ciki, kuma ranar da sigina ta fito an yi wa jami'i taransifa ko ya yi ritaya ko an dakatar dashi, a ranar za'a kashe katinsa a goge yatsansa, ba wata mai zuwa ba. Duk wata uku a zauna a karanta jerin suna bayan suna.

Manyan ɓarakar da sojojin Amurka suka gani ai ta hannun na gida suka fito. A 2008 filashi ɗaya aka soka a laptop a wani sansaninsu na Gabas ta Tsakiya, cutar kwamfuta ta bi ta shiga har hanyoyin sadarwarsu na sirri, sai da ma'aikatar tsaronsu ta haramta filashi. A 2010 wani mai suna Manning yana sojan leƙen asiri a Iraƙi a faifan CD ya kwashi dubban ɗaruruwan takardu. A 2013 Snowden, wanda ya fitar da takardun sirri, ɗan kwangila ne a ofishin hukumar leƙen asirin Amurka NSA na Hawaii, kuma bayan abin da ya yi ne hukumar ta sanar da dokar mutum biyu, wato ba mai taɓa bayanai masu nauyi shi kaɗai. Kai ma ka kafa ta, ba mai shiga ɗakin sabar shi ɗaya ko da tsakar dare ne abu ya lalace. Waya, filashi, agogon zamani, duk a loka a waje. Ramukan USB da ba'a amfani dasu a toshe su a kashe su daga cikin tsarin. Hukumar FBI ma a ƙa'idarta ta tsare bayanan masu laifi, wato CJIS, sai an binciki tarihin mutum ta hoton yatsa kafin a bar shi ya kusanci bayanan masu laifi ba ɗan rakiya. Mai gyaran esi, mai kawo dizal, mai shara, injiniyan kamfanin da ya sayar da kayan, kowannensu da jami'i a bayansa daga shigarsa har fitarsa, a rubuta kayan aikin da ya shigo dasu a ƙirga lokacin fita. Kuma a biya masu gadi da injiniyoyin wurin haƙƙinsu a kan lokaci, mutumin da ke bin alawus na wata da watanni ka damƙa masa mukullin irin wannan ɗakin, ka sauƙaƙa wa mai neman saye aiki.

Wuta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako a duhu bayan lalata manyan layukan wuta, don haka lissafinka ya zama kamar NEPA bata nan. Ma'aunin Uptime Institute, kamfanin da ke tantance cibiyoyin bayanai, awa 12 na man janareto yake nema a ajiye a wurin, a ƙasarmu ni dai kwanaki zan ce ka tanada. Janareto biyu aƙalla, kowanne zai iya ɗaukar wurin shi kaɗai, a tayar dasu da kaya a kansu duk wata, a zagaye su da tankin da shinge da kyamara, mutum biyu su riƙa auna dizal suna sa hannu, don wanda ya iya kaiwa ga janareto ya kashe maka sabar ba tare da ya ga ƙofarta ba.

Batir kuma ɗakinsa daban, da bango mai jure wuta tsakaninsa da sabar. Ranar 26 ga Satumba 2025 batirin lithium ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, a daidai lokacin da ma'aikata ke aikin ɗauke batiran daga kusa da sabar, tsarin ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, kuma rumbun G-Drive na ma'aikatan gwamnati mai kusan terabait 858 ya ƙone babu kwafinsa a wani wuri. Kafin nan a Maris 2021 gini guda na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa ya ƙone ƙurmus. Ka sa na'urar da ke zuƙar iska tana gano hayaƙi tun kafin ido ya gani, kashe wutar kuma da gas irin FM-200 ko Novec 1230 ko Inergen, banda tukunyar hoda don hodar na lalata kayan. Ko gas ɗin ma a bar ƙwararru su haɗa, a 2016 bankin ING a Bucharest yana gwajin nasa ƙarar fitar gas ɗin kaɗai ta lalata had disk masu yawa, banki ya tsaya na kusan awa goma. Kwalaye da takardu a fitar dasu, ɗakin sabar ba sito bane.

Sanyi tsakanin digiri 18 zuwa 27 ake so, mu kuwa watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi na haura 40, don haka esi ma sai da na ko-ta-kwana, matatar iska a riƙa wanke ta akai akai lokacin hunturu saboda ƙura, a sa na'urar jin ɗigar ruwa a ƙasa. Banda abinci a ciki, ɓera na cin waya. Faiba, wato wayar da ke kawo intanet, ta shigo ta hanya biyu daban daban ta ɓangarori biyu na ginin, ramukanta a rufe da kwaɗo, don katafilar masu aikin titi ta yanke ɗaya ɗayar na nan.

Kyamara kowa na sawa, kuskuren shi ne ajiye na'urar naɗar a ɗakin masu gadi inda ita za'a fara ɗauka. A sa ta a ciki, kwafi na tafiya wani gini, a riƙe bidiyon aƙalla kwana 90, agogonta ya yi daidai da na ƙofofi in ba haka ba ranar bincike bazaka iya haɗa wanda ya buga kati da fuskar da ke bidiyo ba. Kuma a samu mai kallo da gaske, ana canjinsa kafin ido ya gaji.

Had disk ɗin da ya mutu bai mutu ba fa. A 2022 wasu masu bincike a Jamus sun sayi na'urar ɗaukar yatsa da ƙwayar ido ta sojojin Amurka a eBay kan dala 68, suka tarar da bayanan mutum 2,632 a ciki, yawancinsu 'yan Afghanistan da Iraƙi. Namu kuma hanyarsa a bayyane take, daga sito zuwa gwanjo zuwa 'yan jari bola zuwa teburin mai gyara a kasuwa. Kowane disk a rubuta lambarsa tun ranar da ya shigo, a kulle bayanan cikinsa da makullin sirri, in ya lalace kar kamfani ya tafi dashi da sunan garanti, a sa wannan sharaɗin a kwangila tun farko. A niƙe shi a cikin harabar a gaban shaidu biyu a sa hannu. Injin maganaɗisu na goge tsohon had disk amma baya yi wa sabon samfurin da ake kira SSD komai, shi sai niƙa.

Duk da wannan ka ɗauka wata rana za'a iya cin wurin. A Oktoban 2020 an ƙona ofisoshin 'yan sanda da yawa lokacin EndSARS, ranar 1 ga Agusta 2024 an wawashe cibiyar fasahar hukumar sadarwa ta NCC a Kano. Ukraine kwanaki kaɗan kafin Rasha ta shigo a Fabrairun 2022 ta gyara dokarta don a iya kwashe bayanan gwamnati zuwa sabobin da ke wajen ƙasar, shi ya sa makamai masu linzami basu tafi da rajistocinta ba. Kai ma sai da wuri na biyu a wani gari mai nisa, layin wutarsa daban, kogin da ke kusa dashi daban, kamar yadda Galaxy Backbone, kamfanin fasahar sadarwa na gwamnatin tarayya, ke da cibiya a Abuja da wata a Kano, sannan kwafi na uku wanda baya jone da komai a cikin sef. A rubuta tun yanzu wa ke da ikon bada umarnin kashe sabar da lalata makullan sirri in an ga wurin zai faɗi, da wanda zai maye gurbinsa in ba'a same shi a waya ba.

Sai gwaji, aƙalla sau biyu a shekara. A ɗauko kwafin nan a tayar da tsarin dashi a wuri na biyu a ga ko yana tashi kuma awa nawa yake ɗauka. A kashe wutar gari da gangan da rana tsaka a ga ko janareto zai karɓa. Kwamanda ya turo mutumin da masu gadi basu sani ba, da rigar masu gyaran esi da jakar kayan aiki da takardar izini a ɓoye a aljihunsa don kar a harbe shi, ya gwada iya inda zai kai, in ya wuce get a rubuta, in ya kai ƙofar sabar a rubuta, a gyara ramin cikin mako ɗaya sannan a sake turo wani da wata dabarar daban.