Kurakuran da sababbin nas ke yi a gefen gadon wanda ajali ya kusanto

Duk shekara ana turo mana sababbin nas ɗakin masu ciwon daji, kuma duk shekara kuskuren bara ake maimaitawa. Na gaji da jan kunnen mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na rubuta.

Babban abin da ke ƙona min rai shi ne tsoron mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Likita ya rubuta a ba mara lafiya duk bayan awa 4, sai nas ta duba ta ga ya yi shiru, ta ce ai yanzu ba ya jin ciwo, a bari sai ya nema. Wa ya gaya miki? Dattijon Bahaushe zai cije leɓe, gumi na karyo masa, ki tambaye shi ya ce "da sauƙi, alhamdulillahi". Ki dubi goshinsa, ki dubi yadda ya damƙe bakin gado. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin ciwon masu daji, kuma ginshiƙinsa a ba da magani ta baki, a kan lokaci, kafin ciwon ya dawo. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, ita ma nas ce tun farko, kuma wannan shi ne abin da ta yi ta koyarwa. Idan aka fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa a hankali, mofin ba ya gaggauta mutuwa. Barci mai nauyi yana riga raguwar numfashi zuwa, don haka ni nakan tashi mara lafiya in ƙirga numfashinsa kafin kowane shan magani, shi ke nan. Kada kuma ki haɗa masa da allurar fenta (pentazocine, wani maganin zafin ciwo) don kina ganin ta fi sauƙi, tana rage ƙarfin mofin ne. Kuma ranar da aka fara mofin, ranar za a fara maganin taurin bahaya, don mofin na kawo shi.

Na biyu, korar dangi da yi musu ƙarya. Wannan har yau yana min ciwo. Wani dare ina can wani ɗakin, numfashin wata baiwar Allah ya canza, yana tsayawa yana dawowa, ƙafafunta sun yi sanyi. Ɗiyarta ta tambayi sabuwar nas ɗin da ke aiki ko ta kira yayyenta. Aka ce mata "Hajiya na samun sauƙi, ki fita waje, lokacin ziyara ya wuce". Kafin asuba rai ya yi halinsa, babu kowa nata a kusa, babu wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada. Ni na fita na sanar da ɗiyar, kuma abin da ta fara tambayata shi ne, "Sista, ta yi kalma?" Me zan ce mata? Haba 'yan'uwa! Dokar lokacin ziyara an yi ta ne don masu jiran sallama. Da kin ga alamun nan, ki kira likita, ki ja babban cikin dangin gefe ki ce, "Baba, jikin ya yi nauyi, duk wanda ya kamata ya zo a kira shi yanzu." Ba ki yanke wa kowa ajali ba, sanin gaibu sai Allah. Ki ja labule, ki bar mutum biyu su zauna, mai karatun Yasin ya yi a hankali. In Kirista ne, ki tambaya ko a kira fasto ko fada.

Sauran ƙanana ne, amma suna wahalar da bayin Allah. Ɗura kunu ga wanda ya daina haɗiya, yana wucewa huhu ne. Ki jiƙa auduga ki riƙa goge masa leɓe da harshe, ki nuna wa mai jinya ita ma ta yi. Ƙarar gargara, ki juya shi kan gefe, kada ki zura masa roba har maƙogwaro kina zuƙa. Yawan ƙarin ruwa a kwanakin ƙarshe kumburi yake ƙarawa. Kada ki yi maganarsa a kansa kamar ba ya nan, mai yiwuwa yana ji.

In an cika, ki rufe masa ido, ki ɗaure haɓa, ki miƙar da gaɓoɓi kafin su sandare, ki cire kanula (robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya) da robar fitsari in ba likita ya ce a bari don bincike ba. Kada dangi su kai shi wanka su tarar da filasta a jikinsa. Takardun fitar da gawa a hanzarta su, mutane na son binne nasu a ranar.

Sai masu tsawata wa mata cewa kuka haramun ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ki ba mai kukan kujera da ruwa, ki yi mata "Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri", ki ɗan tsaya tare da ita kafin ki koma kan sauran marasa lafiya. Ke ma in abin ya tsaya miki a rai, ki same ni bayan an miƙa aiki mu yi magana, kada ki tafi gida da shi.