Watannin farko a ƙasar da aka aike ka aikin bishara

Ɗan'uwa, idan ikilisiyarku ta ɗora maka hannu ta aike ka wata ƙasa aikin sa kai, na san da zumuɗin fara wa'azi za ka sauka daga jirgi. Ka ɗan danne zumuɗin nan tukuna. Watannin farko na koyon zama da mutane ne, kuma wanda bai iya zama da su ba, da wuya su ba shi kunne.

Fara da takardu. Duba irin bizar da aka buga maka, domin a ƙasashe da yawa ta yawon buɗe ido ba ta ba ka damar aiki ko da ba a biyan ka ko sisi. Dokoki ma sun bambanta. Tun 2016 Rasha ta taƙaita wa'azi a wajen wuraren ibada masu rajista, Nepal kuwa ta yi doka a 2017 da ta haramta sauya wa mutum addini. Zauna da shugabannin ikilisiyar da ta karɓe ka su faɗa maka iyakarka. In ka taka doka, kai wataƙila jirgi za a sa ka a mayar da kai gida, su ne za su zauna da wutar da ka hura. Ɗauki hoton fasfo da biza da katin rigakafin cutar shawara ka ajiye a waya, ka kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarku inda kake.

Sai harshe, kuma a nan nake so ka zuba ƙarfinka. Abin da ya yi mini amfani shi ne ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu. Kowace safiya sai mai koya mini ya ba ni jimloli kaɗan: gaisuwa, godiya, "ban gane ba, maimaita a hankali", "mene ne sunan wannan?" In rubuta yadda kunnena ya ji, in fita in faɗa wa mai gadi, in faɗa wa maƙwabciya, in faɗa wa yaran da ke wasa a ƙofar gida. Yara sun fi kowa iya gyara, don ba sa jin nauyinka, za su yi dariya su maimaita har bakinka ya kama. Kada ka rataya a wuyan tafinta. Yana da amfani a kan bagade, amma ranar da wata dattijuwa ta kira ka gefe za ta faɗa maka damuwarta, ba za ta so mutum na uku a tsakani ba.

In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Hudson Taylor, wani mai aikin bishara ɗan Ingila, ya sauka Shanghai a 1854, daga baya ya ajiye kayan Turawa ya koma sa tufafin 'yan China. 'Yan'uwansa Turawa sun yi ta sukarsa, amma ƙofofi sun buɗe masa. Kalli yadda ake gaida manya, inda baƙo yake zama, da abin da ake sawa ranar Lahadi, ka bi. Abin da aka ajiye maka a gaba, ka ci da godiya. Kafin ka ɗauki hoton kowa, nemi izini.

Akwai lokacin da komai zai fara ba ka haushi. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya bayyana wannan hali a 1960: yawan wanke hannu, tsoron ruwan sha, zargin kowa na son cutar ka, ƙin koyon harshe, da kewar gida mai tsanani. Idan ya zo maka, kada ka ɗauka bangaskiyarka ce ta yi sanyi, ko Ubangiji bai kira ka ba. Gajiya ce ta mai koyon komai daga tushe. Ka riƙe lokacin barci da na addu'arka, ka ware rana ɗaya a mako ta hutu na gaske, ka sami dattijo ɗaya a ikilisiyar da za ka riƙa buɗe wa cikinka. Kiran gida ta WhatsApp yana sanyaya zuciya, amma sa masa lokaci. Na ga masu kwana a waya da dangi, shekara ta zagayo ba su san sunan maƙwabcinsu ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Maganar kuɗi ma za ta taso da wuri, don ana ɗauka baƙo yana da shi. Kada ka riƙa zaro na aljihunka kana rabawa, zai haifar da gaba tsakanin wanda ya samu da wanda bai samu ba. Kai buƙatar gaban dattawan ikilisiya, su suka san halin da kowane gida yake ciki, taimakon ya fita ta hannunsu.