Darasi na 9: Na'urar leƙa ciki da abin da take ɗebowa

Sau da yawa mutum zai yi shekaru yana fama da zafin ƙirji da ciwon ciki, yana ta sayen maganin olsa a kemis, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, alhali ba wanda ya taɓa ganin abin da ke cikin nasa. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita kan tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a yi masa endoskofi, wato a zura na'ura ta baki a leƙa cikinsa.

Na'urar doguwa ce mai lanƙwasuwa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinta. Za a fesa maka magani a maƙogwaro don kada ka ji zafi, a sa maka 'yar roba tsakanin haƙora, ka kwanta ta gefen hagu. Likita na tura ta a hankali yana kallon cikinka a allo.

Inda mutane suka fi tsorata shi ne in an ce za a "ɗebi tsoka".

"Likita, yanka ni za ku yi?"

"A'a Baba, ko wuƙa ba za ka gani ba."

Gaskiya ya faɗa. A jikin na'urar akwai siririyar kafa da ake zura waya mai ɗan hantsaki a ƙarshenta. Hantsakin ya buɗe, ya tsinko ɗan abu kamar ƙwayar gero, a jawo shi. Fatar cikin tumbi ba ta jin zafin wannan tsinka. Ana jefa shi a kwalba mai ruwan fomalin, wanda ke hana shi lalacewa, a rubuta sunanka, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Ta wannan kafa ake zuƙo ruwan ciki, ko a goga ɗan burushi. In matsalar a babban hanji take, ta dubura ake bi da wata na'urar mai tsawo.

Wannan ɗan abin yakan nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982. Ita ce ke jawo yawancin gyambon ciki, kuma tana jin magani. Yakan kuma tona sankara tun ba ta yi nisa ba. Saboda haka, don Allah kada tsoro ya sa ka ƙi.

Kafin ranar, kada ka ci komai na awa 6 zuwa 8. Faɗa wa likita in kana shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko kana da ciwon suga. Ka tafi da ɗan rakiya. Bayan an gama, jira maƙogwaro ya dawo daidai kafin ka ci ko ka sha. In ka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko ciwon ya tsananta, koma asibiti nan take.

Aiki: Rubuta sunayen magungunan da kake sha yanzu a takarda, yadda za ka miƙa wa likita.