Yadda ake hana hodar magani curewa kafin ta shiga inji

Sababbin ma'aikata a ɗakin haɗa magani, da zarar hoda ta cure sai su ɗora wa injin gauraya laifi, su ƙara masa minti goma. Alhali yawancin lokaci hodar ta riga ta sha danshi tun kafin ta iso injin.

Ka fara da ɗakin. Rataya ma'aunin danshi kusa da teburin awo, kana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Idan ƙwayoyi ne na yau da kullum, ni ba na yarda danshin iska ya haura kashi 50 cikin ɗari. Masu kumfa a ruwa kuwa, waɗanda ake haɗa sitirik asid da bayikabonet, sai ƙasa da 25. Gishiri shi kaɗai sai danshi ya kai wajen kashi 75 yake fara jiƙewa, amma idan ya haɗu da sukari tun ƙasa da haka suke jan ruwa, masu cika fakitin ORS, wato hodar gishiri da sukari ta masu gudawa, sun san wannan. Injin tsotse danshi kuma dole ya kasance a kan layin janareto. Dizal na da tsada, amma bai kai kwaɓi guda da za a zubar a watan Agusta ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. An ɗauko durom daga sito mai sanyin AC, an gangaro da shi ɗakin da ya fi ɗumi, nan take yaro ya ɓalle murfi ya kwance leda. Hodar na da sanyi, iskar ɗakin na ɗauke da laima, sai ta yi gumi kamar ledar fiya wata da aka fito da ita daga firij. Ido ba ya ganin ruwan. Yana shiga tsakanin ƙwayoyin hodar ya narkar da bayansu kaɗan, idan ya bushe sai su manne da juna, gobe ka tarar da dunƙule. Laktos, wato sukarin madara, wanda aka busar ta hanyar feshi ya fi kowa saurin wannan, har ya ƙame kamar ba hoda ba.

To ka bar durom a rufe ya kwana a ɗakin da za a buɗe shi. Kafin ka kwance, sa bayan hannunka a jikin ledar ciki, in da sauran sanyi ka ƙara jira. Ɗebi iya abin da za ka auna, matse iskar ledar, ɗaure ta ciki da kyau, sannan ta waje. Jakar silika mai tsotse danshi tsakanin ledojin biyu take zama, ba a cikin hodar ba. Buhuna kuma a kan katako, nesa da bango, kada a jibge su da tsayi, don nauyi kaɗai yana dunƙule na ƙasa.

Da hunturu matsalar takan juya. Iska ta bushe, farasitamol mai laushi ya riƙa liƙewa a jikin mazurari saboda cajin gogayya. Sa wa injin wayar ƙasa mai sauke caji, ka ajiye ludayin roba ka ɗauki na ƙarfe.

Sauran ba wuya. Tankaɗe komai da rariya mai lamba 40. Aerosil, garin silika mai sa hoda ta riƙa zuba, kashi 0.2 zuwa 0.5 cikin ɗari ya isa, amma ka fara tankaɗe shi tare da ɗan hodar, in ba haka ba shi ma curewa yake. Magnisiyam sitiyaret, mai hana ƙwaya liƙewa a jikin inji, a ƙarshe, minti uku na gauraya, idan ya daɗe ƙwayar maganin za ta yi laushi kuma ta ƙi narkewa da wuri. Tsakin hodar magani da aka jiƙa sannan aka busar, ruwan jikinsa ya tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3, kuma ya huce kafin a ɗaure shi a leda. Dunƙulen da yatsa bai murƙushe shi ba, kada ka danna shi ta rariya da ƙarfi. Ware durom ɗin, manna masa takarda, ka kira masu duba inganci su ɗebi samfuri.