Yadda Za Ka Tsara Yawon Buɗe Ido da Sayayya a Santambul Tare da Ɗan Jagora

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye sukan tallata ziyarar mako guda zuwa Santambul a kan kuɗi ɗaya, wanda ya ƙunshi tikitin jirgi da otal da motar zirga-zirga da ɗan jagora. Tsarin yana da amfani ga wanda bai taɓa zuwa Turkiyya ba, domin birni ne mai mutane fiye da miliyan 15, wani ɓangarensa a Turai wani a Asiya, kuma direbobi da masu kantuna da dama Turkanci kaɗai suke ji. Abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba shi ne, wasu 'yan jagora suna karɓar kamasho daga kantunan da suke kai baƙi, kamar yadda dillali yake cin la'ada a Kantin Kwari, kuma wannan kamashon a cikin farashin da za ka biya yake. Saboda haka dabarar tafiyar ita ce ka raba ranakun kallo da ranakun kasuwa: jagora ya nuna maka tarihi, kai kuma ka yi cinikinka da kanka.

Tun kafin ka biya ko sisi, ka nemi kamfanin ya ba ka tsarin tafiyar a rubuce, rana bayan rana, tare da sunan otal da unguwar da yake. Otal mai araha da ke wajen gari yana iya sa ka kashe awa biyu kullum a cunkoson motoci, alhali wanda ke Sultanahmet ko Sirkeci ko Laleli yana bakin layin taragon T1, wanda ya ratsa yawancin wuraren da za ka je. Ka tambaya ko kuɗin shiga wuraren tarihi yana cikin abin da ka biya, domin abin da ake karɓa daga baƙi a fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da makamantanta ba kaɗan ba ne. Ka ƙirga sau nawa aka rubuta ziyarar masana'antar fata ko ta darduma ko ta alewa, domin yawanci kantuna ne aka sa musu wannan suna, kuma kowace tsayawa tana cin awa guda ko fiye. Idan sun yi yawa, ka nemi a rage, ko a ware maka kwana biyu cur waɗanda ba ka cikin ayari. Batun biza kuwa, ƙa'idojinta suna sauyawa, don haka ka tabbatar da su daga ofishin jakadancin Turkiyya, kuma a rubuta cikin yarjejeniya nawa za a mayar maka idan ba ta fito ba. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Watannin Afrilu da Mayu, da kuma Satumba da Oktoba, su ne suka fi daɗin yawo. Janairu da Fabrairu akwai sanyi da ruwan sama, wani lokaci har da dusar ƙanƙara.

Jera ranaku yana buƙatar lura, domin fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, fadar Dolmabahce ranar Litinin, babbar kasuwa mai rufi kuma, wato Kapalicarsi, ba ta ci ranar Lahadi. Ranar farko ta dace da dandalin Sultanahmet, inda ɗan jagora ya fi amfani da gaske. An kammala ginin Aya Sofiya a shekarar 537 a matsayin coci, zamanin Sarki Justinian, ya zama masallaci bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a farkon zamanin Jamhuriyar Turkiyya, sannan ya koma masallaci a 2020. Yanzu masu yawon kallo suna biyan kuɗi su hau bene, don haka ka tambayi jagora ƙofar da masu salla suke bi. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida yana fuskantar Aya Sofiya, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. A Topkapi, ka gaya wa jagora tun da wuri cewa kana son isasshen lokaci a ɗakin amanoni masu tsarki, inda aka ajiye alkyabba da takubban da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, kuma ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Layin wurin yana da tsawo, kuma jagoran da ya saba da Turawa yakan so ya wuce da sauri zuwa ɗakin lu'ulu'u.

Akwai wurare biyu da ba kowane kamfani yake sa su a tsari ba, ga shi kuwa a ganina sun fi wata doguwar tafiya daraja: masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya kammala a 1557, da kuma Eyup Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Idan Juma'a ta same ka a birnin, ɗaya daga cikinsu ya dace da ita. Yawon mashigin Bosforus, ruwan da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya, kuma ba sai an biya kuɗin jirgin dare mai kiɗa da raye-raye ba. Katin Istanbulkart, wanda ake hawa tarago da bas da jirgin ƙasa da shi, yana shigar da kai jirgin ruwan haya daga Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Uskudar ko Kadikoy a ɓangaren Asiya a kuɗi kaɗan. Tafiyar yini zuwa Bursa, birnin kasuwar siliki ta Koza Han, tana da kyau, amma a irinta ne aka fi cusa tsayawa a kantuna.

Ranar kasuwa ta farko, kada ka sayi komai mai tsada. Ka zaga, ka tambayi farashi a wuri uku ko huɗu, ka rubuta. Kapalicarsi, wadda aka aza harsashinta zamanin al-Fatih, tana da kantuna kusan 4,000, kuma farashin farko da za a faɗa maka na baƙo ne, don haka tayi wajibi ne. Shan shayin da mai kanti ya miƙo maka bai wajabta maka saye ba. Idan gwal kake so, ka san farashin giram na ranar, ka tambayi karat nawa ne, a auna a gabanka, sannan a faɗa maka kuɗin ƙira daban, domin a kansa ne ake ciniki. Kayan ƙamshi da busassun 'ya'yan itatuwa sun fi sauƙi a titunan bayan kasuwar Misir Carsisi da ke Eminonu fiye da cikinta.

Mai niyyar sarin tufafi ba shi da aiki a waɗannan kasuwanni. Wurinsa unguwannin Laleli da Merter da Osmanbey ne, da Zeytinburnu ga mai neman kayan fata. A can ba a cika sayar da guda ɗaya ba, sai jeri, wato samfuri ɗaya a girma daban-daban, kuma sau da yawa da dala ake yanke farashi. Ka duba ɗinki da lambar kowace riga kafin a ɗaure, ka karɓi rasit mai hatimin kanti. Kamfanonin aika kaya zuwa Afirka suna nan da yawa a Laleli da Aksaray, suna caji a kan kilo, kuma wanda 'yan kasuwar garinku suka saba aiki da shi ya fi wanda wani ya ja ka gare shi a titi. Ka tambaya a fili ko kuɗin ya haɗa da na kwastan.

Tun da darajar lira, kuɗin Turkiyya, tana yawan sauka, ka riƙe dalarka, ka riƙa canjin abin da za ka kashe a kwana ɗaya ko biyu a shagunan canji na cikin gari, ba a filin jirgi ba. A tasi kuma ka tabbatar an kunna mita.

Dokar Turkiyya ta hana fitar da kayan tarihi, kuma tana da tsanani, don haka ka guji tsofaffin kuɗin ƙarfe da duwatsun kufai, tsohuwar darduma kuma sai da takardar izini. Idan ka saya a kantin da ke da alamar mayar wa baƙi haraji, ka nuna fasfo a cike maka takardar, sannan a filin jirgi ka kai ta teburin kwastan a buga hatimi kafin ka miƙa jakunkunanka, domin suna iya neman ganin kayan. Ka auna kayanka tun a otal, ka gwada da nauyin da tikitinka ya yarje maka, saboda kuɗin ƙarin kilo yana iya cinye rangwamen da ka samu a kasuwa. Sabon filin jirgin Santambul, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019, yana da nisan kilomita 40 ko fiye daga tsohon gari, don haka ka bar otal aƙalla awa biyar kafin tashin jirgi idan kana da takardun haraji da za a duba.